Ladanin da Noni Ya Fitar Daga Masallaci

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku, ladanin ƙauyenmu da ke kusa da Abu Hujar. Har yau in magariba ta gabato a watan azumi sai ya faɗo mini a rai.

Baba ya daɗe yana fama da ƙwannafi. Da ya ci abinci sai ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro. Likitan Sinnar ya hana shi barkono da gahawa, ya ce ya daina kwanciya da cikakken ciki. Ya bi, ya samu sauƙi, amma murya ta ci gaba da dushewa. Shi kuwa ba abin da ya kai masa kiran salla a duniya, tun yana saurayi yake yi.

Wani abokinsa ne ya zo masa da irin wani icce da ake kira noni daga aikin hajji, wai wani alhaji mutumin tsibirin Jawa ya ba shi, Baba ya shuka a gonarmu ta bakin kogi. 'Ya'yan farare ne masu ƙuraje, in sun nuna sai su yi ta wari kamar majema. Ni ke matse masa, na toshe hanci da mayafi. Ba zan ce ya warkar da shi ba, tsakanina da Allah, amma in ya sha cikin yakan lafa, murya ta fito. Sai dai warin ya kama gemunsa da rigarsa, sabulu ya kasa.

A wani azumi liman ya zo har gida. Ina bayan ƙyaure ina ji. Ya ce, “Malam, jama'a sun kawo kuka. Ka san hukuncin wanda ya ci ɗanyar albasa ya shigo sahu. Ko ka bar abin ga, ko kwamitin masallaci ya ba wani lasifika.” Baba ya ce, “Na ji, Liman.” Ni kam raina ya ɓaci matuƙa, don masu kukan nan da muryarsa suke tashi sahur.

Ya bari. Ba a jima ba, wata magariba maza suka shimfiɗa tabarmi a titi kamar yadda aka saba, ga tuwo ga hilu-mur, abin shanmu na buɗa-baki, mu mata muna cikin gida. Rana ta faɗi. Lasifika ta yi ƙara, muka ji numfashinsa, sai tari. Ya sake gwadawa, ba abin da ya fito sai shaƙewa. Gari duka ya yi tsit, Inna tana riƙe da dabino ba ta kai baki ba. Can sai muka ji muryar wani. Baba ya dawo, ko ruwa da ƙyar ya sha.

Aka ce gobe kwamiti zai zauna bayan la'asar. Da sahur ya ce, “Ɗiyata, matso mini noni.” Na ce, “Baba, korar ka za su yi.” Ya ce, “Daga ciki ne za su kore ni. Kira ai na waje aka yi wa.” Kafin su zauna ya ja wayar lasifika ta taga zuwa gindin darbejiya, ya ce musu nan zai riƙa kira, nan zai riƙa bin jam'i, bayan kowa. Suka yarda nan take, kuma saurin yardar nan har yanzu yana yi mini ciwo. Haka ya yi ta yi, da rani da damina, har ƙarfinsa ya ƙare.

Yau ga noni nan a kwalba a kasuwar Sinnar, an gauraya shi da zaƙi, ba wari. 'Ya'yan dattawan da suka kawo kukan nan ma aiko mini suke yi in tsinko musu. Me Baba zai ce? Na sani sarai, cewa zai yi in ba su. Ina bayarwa, amma ba na iya sakin fuska.

Bai bar mana dukiya ba, muryar ma ba wanda ya ɗauka a kaset. Abin da ya rage mini shi ne ranar jana'izarsa. Na leƙa ta katanga na ga an ajiye shi a gaban liman, garin duka ya jeru a bayan Baba, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya matsa gefe.