Ƙwayar Carbina a Wuyan Jitar Tanko

Duk wanda ya zauna a Agege lokacin da soja suka koma bariki ya san tafiyar Tanko Kafinta: kai a sunkuye, aljihu yana kacau-kacau. Ba kunya ba ce, tsince-tsince ne. Maɓalli, wuri, fasasshen tangaran, duk sai ya duƙa. "Kada a zubar, ido ne!" in ji shi. Idanu kuwa su ne fararen ɗigon nan da ake ƙwaƙule katako a dasa a wuyan jita. Jita guda yake ƙera wa kansa shekara da shekaru, ya rantse abin kanti ba zai hau ta ba.

Da ƙashin saniya ya fara, daga mayanka, bai dafa shi maiƙon ya fita ba. Kwana uku shago ya ɗauki wari, karnukan unguwa suka jeru a ƙofa.

Na ce, "Tanko, wannan fa mushe ne!"

Ya ce, "Malam, ka taɓa ganin makaɗin da ya tara jama'a tun bai taɓa tsirkiya ba?"

Ya yi wata guda yana cin amala wurin Iya Risi mai abinci saboda wani farantinta mai tsaga. Ranar da farantin ya faɗi ya tarwatse, sai bawan Allah ya ɗaga murya, "Alhamdu lillahi!" Ta bi shi da ludayi har layin dogo tana cewa, "Aboki, kai ka yi masa baki!"

Sai abin ya zo kaina. Zaren farin carbin da na gada wurin mahaifina ya tsinke, na ba shi ya shirya mini. Bayan la'asar na ja, na sake ja: casa'in da takwas. Na same shi yana goge wuyan jita, ga ƙwayata zaune a tsakiya.

"Abin ambaton Allah a jikin kayan kiɗa? Ka ji tsoron Allah, Tanko!"

"Malam, ido ɗaya ya rage mata. Kai kana da casa'in da takwas, haɗamar me?"

Na daina yi masa magana. Ya aiko da takardar ban haƙuri cikin ajamin da ni na koya masa, baƙaƙen a karkace kamar ƙafar kaza. Na ninke na ajiye, ban amsa ba.

Bayan wata biyu rikici ya ɓarke, aka cinna wa shagunan layinmu wuta da rana tsaka. Tanko ya riga ya tsira. Aka riƙe shi, ya fizge ya koma cikin shagon. Ya fito riga tana ci, rungume da wuyan jitar kaɗai, sauran ya zama gawayi.

Na same shi a asibiti, an naɗe shi har haɓa. Ya nuna mini katakon da ido.

"Ga ajiyarka, Malam. Ita na koma ɗaukowa." Ya huta, ya ƙara, "Amma in za ka cire, bi a hankali. Hannunka bai iya wuƙa ba."

Kwana uku ya yi, ya rasu.

Ban cire ba. Har yau carbina casa'in da takwas ne. In na zo inda giɓin yake, sai in tsaya in ce: Allah, na yafe wa Tanko, Kai ma Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Ni kuma Ka yafe mini takardar da ban amsa ba. Amin.