Ordinatar da Ta Kwana Cikin Akwati a Dakusa

Abu biyu na kusa rasawa a ranar, ɗayan ma ba nawa ba ne. Akwai aikin damina guda na wata ɗalibar ilmin noma, akwai kuma mutuncina a idon ubanta, manomin Dakusa da nake sayen gero wurinsa tun kafin in buɗe shagon ordinata, wato kwamfuta, a Damagaram. Ni na zaɓa mata na'urar cikin tsofaffin da nake sarowa, na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Da hantsi suka shigo, tana rungume da jaka. Ta ce mako mai zuwa za ta kare aikinta gaban malamai, ga shi ordinatar ta ɓoye shi. Wani ɗan ajinsu ne ya saka mata tsari na biyu a gefen wanda kowa ya sani, a can take lissafinta. Da, in ta kunna, na'urar kan tambaye ta wanne za ta shiga. Yanzu ba tambaya, sai ta zarce cikin na farkon, inda babu komai sai hotunan biki. Ban tambaye ta ko ta kwafe aikin a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ba, na gani a fuskarta ba ta yi ba.

Uban ya zauna a benci ya ce abin ba wuya, in kaya ya ƙi, canzawa ake yi, in ba ta wata. Maƙwabcina mai sayar da waya ya leƙo ya ce a yi formate, a shafe komai, kafin azahar ta dawo sabuwa. Yarinyar ta janye na'urar zuwa ƙirjinta. Na ce masa ya koma shagonsa.

Ni ɗan kasuwa ne. Na iya canza allo da batir, amma tsarin nan na biyu ban taɓa shigarsa ba. Na kashe na kunna har yatsuna suka yi gumi. Na shiga shuɗin shafin saiti, na ga sunan na biyun, na ɗaga shi sama. Da na kunna sai jan rubutu ya fito, wai an hana. Na ɗauka na ƙarasa ɓata ta.

Muka kira ɗan ajin nasu, yana Yamai, layi na ta yankewa. Ya ce akwai wani makulli a saitin da ya cire ranar da ya saka tsarin, kuma ba ya komawa da kansa. Yana magana idona ya kai kan agogon shafin. Shekarar da yake nunawa, yarinyar ko lakwal, makarantar boko, ba ta shiga ba.

Na tambaye ta ina na'urar ta zauna. Ta ce da ta je gida bayan girbi, Baba ya kulle ta a akwatinsa na ƙarfe, wata da watanni, tunda ba su da kuran, wutar lantarki.

"Don kada yara su taɓa," in ji shi. "Laifi na yi?"

"Ba ka yi ba, Alhaji. Akwai ƙaramin batir a ciki kamar na agogo. Da ma tsoho ne, a akwatin ya ƙarasa, na'urar ta manta abin da aka gaya mata, makullin ya koma."

Na kwance bayan na'urar, na ciro irin batirin daga wata matacciyar ordinata, na saka, na koma saitin na cire makullin. Kafin in danna sai da na yi bisimilla, don ban da wata dabara bayan wannan. Allon ya yi baƙi, ya daɗe, sannan layi biyu na zaɓin tsari suka fito. Ta shiga na biyun, ta fara kwafe aikin a kilen da na miƙa mata.

Aikin ya tsira. Ni kuwa masu saye sun leƙo sun wuce, batir da kile sun tafi kyauta. Da za su fita uban ya yi godiya, ya ƙara da cewa in ƙanenta ya kai jami'a, sabuwa cikin kwali zai saya masa. Ba na sayar da sabuwa.