Wayar da Ta Tsallake Katanga

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da Bitrus ya shigo ofishinmu na Bompai yana murza hularsa a hannu. Ku da kuka zo kwanan nan, a ganinku tsautsayin aikin kyamara bai wuce faɗowa daga tsani ko jan wuta ba. To ku gyara zama.

Ga wanda bai sani ba, aikin kamfaninmu shi ne sa kyamarorin tsaro a masana'antu, yawanci a Sharaɗa da Challawa. A lokacin ni ne shugaban masu fita aikin waje. Injiniya Lawan yana sama da ni, shi ke sa hannu a kan kowane aiki kafin a taɓa ko kusa ɗaya. Gidajen mutane ba mu cika yi ba, sai in mai masana'anta ya ce a yi masa har gida. Haka aka yi da Alhaji Sabo, mai kamfanin robobi a Challawa. Da muka gama masa can, ya ce mu bi shi Hotoro.

Abin da yake so shi ne, yana zaune yana kallon labarai ko ƙwallo, ya danna rimot ya ga ƙofar gidansa. Ba abu ne mai wuya ba. Akwai wata 'yar na'ura da ke mayar da hoton kyamara tamkar tashar talabijin, sai a zuba shi cikin wayar dish da ta riga ta zagaye gidan. Duk talabijin da ke kan wayar nan, in aka nemo tashar, za ta riƙa nuna kyamarorin ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya ce talabijin uku ne a gidan: ta ɗakinsa, ta falon baƙi, da ta falon Hajiya. Na zaga na gan su, uku ne.

Kun san yadda ake shigar da ma'aikaci gidan mutane a garin nan. Maigida zai wuce gaba ya ce za a shigo, mata su tattara abin da suke yi su shige ɗaki, a saki labule. Kafin ka sa ƙafa, tsakar gida ta zama fayau, daga kai sai kaji. Haka muka zaga da Alhaji har bayan gida, inda janareta da tankin man dizal suke. Ya ce ana ɗan taɓa masa man, yana son ido a wurin. Kusa da tankin akwai wani tsohon kewaye mara rufi, an jibge itace a bakinsa. Na tambaya, ya ce, “Wannan? Tun da aka yi banɗakuna a ciki ba mai shiga.” Na ɗaure kyamarar can sama a kusurwar bene, tana kallon ƙasa. Ta ɗauki tankin, ta ɗauki kewayen har cikinsa. Alhaji ya gwada a talabijin, ya ji daɗi, ya sa mana albarka muka tafi.

Watanni suka wuce. Ranar nan bayan azahar aka ce wani yana nemana. Bitrus ke nan, mutumin kudancin Kaduna, yana aikin injin narka roba a kamfanin Alhaji, mun saba tun lokacin da muke aiki a can. Ya ƙi zama. Ya ce mu fita waje, muka tsaya bayan wata tirela.

Ya ce, “Malam Nasiru, ka san gidan hayar da ke manne da gidan Alhaji? Nasa ne, mu ma'aikatansa ke ciki.”

Na ce na sani.

“Tun da daɗewa Alhaji ya sa aka ja mana wayar dish daga gidansa, kyauta, don mu riƙa kallon ƙwallo. Ta kan katanga ta biyo.”

Tun kafin ya ƙarasa na gane inda maganar za ta. Wayar tasu reshe ce daga cikin rufin gidan Alhaji, mai dish na farko ne ya ja ta tun kafin zuwanmu. Duk abin da na zuba a wayar gidan, yana tsallakawa.

Ya ce jiya ya sayi sabuwar talabijin. Yau da safe yana wurin aiki, matarsa Rahila ta sa ta nemo tashoshi. Sai ga ƙofar gidan Alhaji. Tana mamaki, hoto ya juya zuwa bayan gida: ga tukunya a kan wuta, ga wata tsohuwa riƙe da ganyen darbejiya, ga 'yar Alhaji ta nufi kewayen da zani ɗaure a ƙirji. Rahila ta fizge wayar wuta daga bango, ta kira shi ta faɗa masa. Yarinyar haihuwar fari ta yi, ta zo gida wankan jego, kuma tsohuwar da ke mata wankan ta ce ba za a yi ta jigilar tafasasshen ruwa zuwa bene ba, aka share tsohon kewayen.

Na ce, “Ka faɗa wa Alhaji?”

Ya kalle ni kamar na zage shi. “In ce masa me? Tambayarsa ta farko, me ka gani. Wallahi ban ga komai ba, amma wa zai yarda? Wayar kuma ba zan taɓa ba, a ce na lalata kayan maigida.”

Ɗakunan gidan hayan nan sun fi goma, kusan kowanne da talabijin, rabinsu gwauraye ne. Duk wanda hoto ya ɗan yi masa yayyafi ya sa a sake neman tashoshi, ya samu. Wankan jego kuma safe da yamma ake yi. Na yamma bayan la'asar ne, daidai lokacin da masu aikin safe ke dawowa gida, ga shi ranar ana buga ƙwallo.

Na shiga wurin Injiniya Lawan na rufe ƙofa na faɗa masa. Ya kira Alhaji, ba a ɗauka ba. Ya sake, haka. Ya kira ofishinsa aka ce yana cikin injina da baƙi masu duba aiki, ba mai iya shiga ya fito da shi. Sai Injiniya ya jingina da kujera ya ce, “Ka san ƙa'ida. Ba ma taɓa kayan abokin hulɗa sai da izininsa. Wayar nan ma ba mu muka ja ta ba. Ka bari gobe da safe mu je tare.”

Kun san halina, ba na iya haɗiye magana. Na ce, “Ranka ya daɗe, gobe da safe an yi wanka biyu. In 'yarka ce, goben za ka jira?”

Ya juya biron da ke hannunsa. Can ya ce, “Ni dai ban aike ka ba.” Na ce na ji, na ɗauki filaya na sa a aljihu.

Motar ofis ta fita, sai adaidaita sahu muka tara ni da Bitrus. Ko rabin hanya ba mu yi ba, wata tirela ta gitta tana son shiga sito da baya, ta toshe titi gaba ɗaya. Direban yana ja gaba yana komawa, mutane na ta yi masa ihu. Muna nan aka kira la'asar. Ina ta tunanin yaran nan masu waya a hannu. Kallo kaɗai ma masifa ne, to ina ga wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoton talabijin ɗin? Kafin dare ya zagaye Challawa. Yarinya da aurenta, da jaririnta, da dangin miji. Tsoro na ji, tsoro na gaske, irin wanda ban taɓa ji a kan tsani ba.

Da muka shiga layin, abin da na fara gani hayaƙi ne yana tashi daga bayan gidan Alhaji. An ɗora ruwa.

Na buga ƙofa, Baba maigadi ya leƙo. Ya san ni sarai, amma ya ce Alhaji ba ya nan, ba a shiga. Na ce gyara ne na gaggawa. Ya ce ko gobara ce sai ya ji daga bakin Alhaji. Na ce to a kira mini Hajiya. Ya ce, “Ka faɗa mini saƙon in kai.” Nan na tsaya. In na faɗa masa, na ƙara mutum ɗaya cikin waɗanda suka sani, ga masu shayi zaune kusa suna kallonmu. Na ce a kashe wutar gidan, ya ce a kan me. Ko da ya kashe ma, na'urar tana da batir, ni na sa mata da hannuna.

Na juya na faɗa gidan hayan. Bitrus ya zame ya shige ɗakinsa kamar bai san ni ba, ban kuma ga laifinsa ba. Tsakar gidan cike, wasu na cin abinci, wasu sun fito da benci. A wani ɗaki ƙofa buɗe, samari sun cika shi, ɗaya na riƙe da rimot yana ta dannawa yana cewa hoton nan bai fita ba yau. Wani ya ce masa, “Sa ta nema da kanta mana.”

Ban yi sallama ta kirki ba. Na hangi wayar, baƙa, ta sauko daga katanga ta shiga wani ɗan akwati da ke rarraba ta ɗaki-ɗaki. Na jawo wani tsanin katako da ke jingine, na hau, na datse ta.

Hoto ya ɗauke a duk ɗakunan, sai gidan ya ɓarke. Wa ya aiko ka, uban wa ya ce ka taɓa, ka san ko wayar wa ce. Wani ƙato ya riƙe ƙafar tsanin yana girgizawa, ya ce ba zan sauko ba sai na haɗa. Na ce umarnin ofis ne, akwai matsala a layin. Suka ce wace matsala, ga shi suna kallo lafiya lau. Na sha zagi ranar, har da na iyaye. Ni da ba a taɓa ni in yi shiru, na naɗe guntun wayar na cilla shi can cikin gidan Alhaji yadda ba mai iya jawowa, na sauko ina ba su haƙuri. Ina bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ko zan gane wanda ya san dalili. Ban gane komai ba.

A ƙofar gida na zauna har Alhaji ya dawo gab da magariba, ya tarar da 'yan haya suna jiransa da ƙara. Na roƙe shi mu keɓe. A falon baƙi na faɗa masa, ban ambaci sunan kowa ba.

Ya ce, “Tun yaushe?”

“Tun ranar da muka haɗa, Alhaji.”

“Wa ya gani?”

“Mace ce ta gani, ta kashe, ta aiko a faɗa mini.”

“Sauran fa?”

Na ce Allah kaɗai ya sani. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce shi ya manta ma da akwai wayar nan, tashar kyamarar kuwa tun satin farko bai sake buɗe ta ba. A gabansa na goge duk abin da na'urar ajiyar hotuna ta adana ba tare da an buɗe ko ɗaya ba. Ya so a cire kyamarar a bar maganar tsakaninmu. Amma cirewa sai an shiga ciki, Hajiya kuma ta tambayi dalili, ba ta kuma karɓi amsar farko ba.

Daga bayan labule ta yi mini magana, muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba. Ta ce, “Malam, an ce mini kyamarar nan janareta take kallo, na yarda. Ranar da kuka zo, aka ce mu shiga ɗaki, muka shiga. Kun zaga da Alhaji kun tambaye shi. Alhaji ya san inda muke shanya? Ya san inda muke tsefe kai? Yaushe rabonsa da bayan gidan nan da rana?”

Na shiga bayan gida na cire kyamarar.

Bayan kamar sati biyu na koma in mayar da kyamarar ƙasa, daidai bakin tankin, in kuma ja wa 'yan haya sabuwar waya kai tsaye daga dish. Na tarar an sa wa kewayen rufin kwano, amma ba tukunya, ba toka. Wannan karon na roƙi Hajiya ta faɗa mini da bakinta inda ba ta son ido ya kai, ta kuwa lissafo wuraren da ko a mafarki ba zan kawo su ba. Da na gama na yi ƙarfin hali na tambaye ta labarin mai jego. Ta ce yarinyar ta koma gidan mijinta, ba ta ƙarasa arba'in ɗin ba. Har yau ba wanda ya zo da wata magana, ba a ji komai a gari ba. Sai dai Hajiya ta ƙara da cewa, “Amma ta ce ko a can, in ta shiga wanka, sai ta ɗaga kai ta duba sama.”

Shi ya sa kuke ganin ina matsa muku a kan abu biyu, har kuna ce mini mai naci a bayan idona, ina ji. Kafin ku zuba hoto a wayar da ba ku kuka ja ta ba, ku bi ta har ƙarshenta, ko da za ku shiga rufi da rarrafe. Sannan gidan da aka ce mata su kauce kafin ku shiga, ku sani ba gidan kuka gani ba. Mai biyan kuɗi ƙofa ya sani da gareji. Ku tsaya a bakin labule ku yi sallama, ku tambayi matar gidan.