Kawu Dodo Mai Murɗa Wuya

Kawu Dodo ƙanen innata na, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kar wani ya ce sharri nika yi mai. Na san shi tun shina dakon siminti in motocin Kalambaina sunka shigo gari. Ya bari, wai ƙura na shiga mai ƙirji. Ya koma koyon aski wurin wani wanzami, ya yanki kunnen wani tsoho, anka kore shi. Anka samo mai keke napep, ya zuba ta cikin kwalbati da hwasinja ciki. Abin da ya koya wurin wanzamin nan guda na, ɗan murɗa wuyan da aka yi ma mutum bayan aski. Sai ko Allah ya haɗa shi da babbar waya, ya ga wani bature cikin bidiyo shina murɗa wuyan mutane suna nishin daɗi. Shi ke nan, Kawu ya zama likita.

Ya aje benci ƙarƙashin dogon yaro nan unguwar Runjin Sambo, ya samo farar riga ta gwanjo irin ta asibiti, da kwalbar man zahi. Wai kuma baiwa ta, wai da ƙahwa anka haihe shi. Na tambayi Inna, tac ce da kai ya hito kamar kowa, kan ma ƙato.

Amma mutane na zuwa, wallahi. 'Yan kabu-kabu, teloli, har masu aikin ohis da takalmi sau ciki. Ya shahe ka da mai, ya kama haɓa da ƙeya, ya ce, "Saki jikinka, maigida. Ɗan wa aka yi ma suna can?" Kana ɗaga ido sai ƙas! Ƙarar nan ita suka biɗa. In wuya bai yi ƙara ba sai ka ji gardi da gemu na cewa, "Sake, Dodo, ban ji ba." Su tashi suna juya kai kamar ƙadangaru, Juma'a ba ta zagayowa sun dawo da wuyan a ƙage. Shi ko ya ce ai ko mashin sai da sabis. Mata kuwa ba ya taɓa su da hannu, wai shi mai tsoron Allah. Rawani shika zargawa ƙarƙashin haɓar mace, ya tsaya bayanta ya ja sama.

To Inna Tani, uwata, tun kahin a haihe ni take ɗaukar ƙwaryar fura bisa kai zuwa kasuwa. Wuyan ya daɗe shina ciwo, bara ya sanƙare baki ɗai. In ka kira ta sai ta juyo da jiki duka. Ba ciwon ad damuwarta ba, sallama ta. In ta gama salla ba ta iya juya kai dama. Malam Siddiƙu maƙwabcinmu ya hwaɗa mata sallarta ta yi, tunda lalura ta. Ta ce ta ji, amma na sha iske ta bisa darduma tana hawaye.

Nac ce mu tahi asibiti. Tac ce, "Ina da likita cikin gida in tahi in bi layi?"

Kawu ya zo tsakar gidanmu da hantsi, har da farar riga tai. Inna yaya tai ta, babu haramcin taɓawa, amma wai ƙane ba ya cahke kan yaya da hannu, rashin kunya na. Don haka ya warware rawani. Kuma saboda kunyar dai, ba ya iya kallon huskarta, ga shi ta cire mayahi. Ya zarga rawanin, ya kau da kai shina kallon akurkin kaji.

"Yaya, a saki jiki. Bismillahi."

Ya ja. Ba ƙas. Ya ƙara ja. Rawani ya zame daga haɓa ya sauka ga maƙoshi, shi ko likita na can shina kallon kaji.

"Kawu, ka shaƙe ta!"

"Ke Murja rufe min baki, iska na ka hita."

Idon Inna ya yo waje, tana shure tabarma, kuma ko hannu ba ta kai ga rawanin ba, wai kar ta ɓata mai aiki. Muciya ta ak kusa da ni. Na sheme mai ita ga gwiwar hannu, ya saki shina salati.

"La'ananniya! Kawunki?"

"Kawun banza! Da ka kashe ta sai ka murɗa gawa ta tashi?"

Inna na samun numhwashi, abin da ta hwara cewa shi na in ba shi haƙuri. Ban ba shi ba, kuma ba ni ba shi.

Washegari hannunta na dama ya mutu kamar ba nata ba. Ni nat tare keke napep da kaina. Asibiti anka yi hoto, wata ma'aikaciya tad dubi shatar da ag ga wuyan tac ce, "Baba, wa ya yi miki wannan?" Inna tac ce igiyar shanya ta. Anka sa mata abin tallabe wuya, anka hana ta ɗaukar kaya, anka koya mata motsa kai sannu sannu, safe da maraice. Ba ƙas, ba mai. Ƙwaryar fura ta dawo bisa kaina, ni da ba ni son talla.

Sai bayan damina, ranar nan ina wanke-wanke tana la'asar, naj ji ta yi sallama, na ga kan ya juya dama. Kaɗan dai, amma ya juya, kahwaɗa ba ta bi shi ba. Ta sake juyawa don ta tabbata, ta hwashe da kuka. Kawu na durƙushe bakin ƙohwa, ya zo shan fura. Ya aje ludayi, ya share gemu, yac ce, "Alhamdu lillahi. Ai na hwaɗi, Yaya, aikina ba ya kamawa da wuri."

Inna ta juyo da kan ta dube shi da kyau. Tac ce in ƙara mai nono.