Kadiri Mai Jirgin Auna Iska

Kadiri Na-Allah mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Malanville. Da wata ƙungiya ta zo neman mai tuƙa ɗan jirgi marar matuƙi, wanda ke auna zafi da laima da ƙarfin iska, shi anka nuna masu, don hannunshi ya san waya. Ya bar rumfarshi ya bi su.

Kullum da hantsi shina ɗaura akwatin jirgin bayan babur, ya tahi gonakin shinkafa na Garou, ya tashe shi sama. Lambobi su fito a salula, ya tura Kotonu. Sun ce mashi can ne masana za su duba, su aiko wa manoma labarin ruwa. Shi dai lambobin ya iya karantawa, ba a koya mashi fassararsu ba.

Yayarshi Zalika, wadda mijinta ya rasu, nan Garou take noma. Duk zuwanshi sai ta tambaye shi abin da jirgin ya gano, shi ko ya ce ana nan ana dubawa. Damina biyu ta wuce haka.

A ta ukku, cikin Agusta, ya ga laima ta hau inda bai taɓa gani ba, kwana biyar a jere. Ya yi ta kiran Kotonu har wata mata ta ɗauka. Ta ce aikin ya ƙare tun bazara, ma'aikatan sun watse, babu mai buɗe abin da yake turowa.

Duk da haka ya je ya ce wa Zalika ta yanke shinkafarta.

"Ba ta nuna ba, Kadiri. Ka tabbata?"

"Yaya, ban sani ba."

Ba ta yanke ba. Ruwa ya yi kwana tara, gulbi ya haye gonakin. Wasu sunka ce jirginshi ne ya jawo hadarin, wasu sunka ce ya sani ya ɓoye. Zalika ta kwashe tukwanenta ta koma Guéné wurin ɗiyarta.

Bayan nan hukuma ta hana tada jirgi kusa da iyakar ƙasa, anka zo anka karɓe akwatin. Yanzu Kadiri shina gyaran tocila a tashar motocin Gaya, gindin wata katanga. Mutanen Garou in sun biyo ta nan, kaɗan ne ke tsayawa su gaishe shi.