Kunnen Aro

Na fara ganin Mai Kunne ranar Asabar, 14 ga Yuni, 2014, da hantsi, lokacin da na tura masa babur ɗin marigayi mahaifina. Babur ne na zamanin da, mai doguwar salansa da faffaɗan tanki, ya daɗe a bayan ɗaki tsatsa tana cin sa.

Garejinsa rumfa ce jingine da bangon gidansa, tagar ɗakin girki tana kallon cikinta. Tsofaffin babura kaɗai yake gyarawa. Ya kewaye nawa, ya shafa tankin, ya kira ni da sunan aikina, ya ce, "Akawu, wannan bai mutu ba. Fushi yake yi."

Daga yadda yake aiki ya sami laƙabinsa. In ya harhaɗa inji sai ya tayar da shi, ya rufe ido, ya riƙa murza kafireta da sukudireba a hankali har sautin ya zauna. Ba ya sallamar babur sai kunnensa ya yarda.

Duk Asabar nakan leƙa. Na ga ya kwance injin, ya jera sassan a kan buhu yadda ya ciro su bi da bi, ya kankare tsatsa, ya sha yawo kafin ya samo fenti irin na asali. Na kuma lura da wani abu: in na yi magana ta hagunsa ba ya amsawa. Kafin damina ta ƙare, kunnen dama ma ya fara bin sahu.

Ranar da aiki ya kammala, injin ya tashi. Mai Kunne ya rufe ido, ya murza, ya sake murzawa. Can sai ya kashe, ya ajiye sukudireba.

"Akawu, ƙara dai ina ji, amma ba na jin abin da yake faɗa. Likita ya ce jin ba zai dawo ba. Kai shi wani wuri a daidaita maka. Ni kam daga wannan na rufe rumfa."

Sai ga murya ta taga: "Maigida, tari yake yi! Mai ya yi masa yawa."

Matarsa ce, da ludayi a hannu. Sai da na maimaita masa da ƙarfi.

"Ke kuma me kika sani a inji, uwar 'ya'ya? Ba ke ce kullum kike cewa na hana ki sakat da ƙara ba?"

"To ai shi ya sa! Tun ina amarya kake cika mini kunne, ko bangon nan ya haddace. In ya daidaita nakan sani, don a lokacin ne kake shigowa neman abinci. Tayar da shi, tsoho."

Ya tayar. Ta fito ta tsaya inda zai ga hannunta. Yana murzawa tana nuna masa ƙasa, ƙasa, sannan ta ɗaga tafin hannu alamar ya isa. Sautin ya zauna, irin wanda muke ji muna yara mu ruga bakin ƙofa mu tarbi Baba. Mai Kunne ya ɗora tafinsa a kan tankin, yana jin bugun a fatarsa.

"Ba laifi," in ji shi. "Saura kaɗan ki zama bakanike."

"Kai kuma saura da yawa ka iya godiya."

Bai rufe rumfar ba. Ya kafa mata benci kusa da taga, ya koma haɗa alamar hannunta da abin da tafinsa ke ji. Yanzu jinsa ya tafi gaba ɗaya, amma har yau ana kawo masa tsofaffin babura daga nesa, kuma babu wanda ke fita sai ta ɗaga tafi. Nawa kuwa da shi nake zuwa ofis.