Kujerar da Yaya Othman Ya Ƙi Saukarwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Satumba 2011, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Yaya Othman mai gyaran dish na unguwar Bani Malik a Jidda, bayan jinyar ƙoda ta wata uku. Yaya Othman, tun da muka rufe ka na kasa zama wuri ɗaya, domin akwai maganar da na ɓoye maka shekara huɗu, kullum ina cewa sai gobe.

Mun haɗu ne a ɗan ofishin wata tashar tauraron ɗan'adam a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda. Ni tafinta ne, kai kuma mai jera kujeru da fitilu. Kai ka koya mini kallon hirar siyasa. Sai ka kashe murya ka ce, "Abdulwahid, yalla, faɗa mini wanda Ustaz yake so a cikin biyun nan." Ustaz shi ne mai gabatar da shirin, mutum mai fara'a wanda ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Daga nan ka yi ta nuna mini: wannan an gabatar da shi da digirinsa da sarautarsa, wancan sunansa kawai, wannan Ustaz na gyaɗa masa kai, wancan yana magana Ustaz na duba agogo. Sauran kuma da hannunka ake yi. Baƙon da ba a so, sai a sauke kujerarsa yatsa huɗu, a matso masa da fitila har ya jiƙe da gumi, mai kallo a gida ya ce ai wannan da ganinsa ba shi da gaskiya.

Abin yana cin ka. Ka sha ce mini gara a zagi mutum a fili, ya san abin da zai rama.

A azumin 2007 'yan siyasar gida suka cika Jidda don umra, aka gayyato biyu, na gwamnati da na adawa. Aka ba ka umarni yadda aka saba, ka sauke kujerar ɗan adawar. Kai ko ɗan adawar nan ba ka so, ka ce bakinsa ya fi aikinsa. Duk da haka ka daidaita kujerun, ka raba hasken daidai, har ka ajiye wa kowa hankici. Mutumin ya yi maganarsa fes, ya tashi ba ɗigon gumi.

Washegari Ustaz ya kira ni ni kaɗai, ya tambaye ni ko kuskure ne. Da na ce kuskure ne, da shi ke nan. Amma tashar ce kafilina, mai tsaya mini na zauna a ƙasar, kamar yadda take kafilinka, iƙamata kuma, wato takardar zamana, saura wata biyu ta ƙare. Na ce da gangan ka yi, na ƙara da cewa ka daɗe kana gunaguni. Ba a ma tambaye ni wannan ba.

Cikin mako guda aka sallame ka, ba a sabunta maka takarda ba. Ka koma hawa rufin mutane gyaran dish da rana tsaka, kana waiwaye duk sanda mota ta tsaya a bakin layi. Ciwon nan ma sai da ya ci ƙarfinka kafin ka yarda a kai ka asibiti, don tsoron a tambayi takarda. Ko a haka ba ka taɓa karɓar ko riyal ɗaya a hannun tsofaffin matan layinku ba, sai dai ka sha shayinsu ka kushe shi, ka ce sukari ya yi kaɗan. Ranar da aka haifa mini ɗa, kai ka riga kowa zuwa da rago a bayan tasi, kana faɗa da direba.

Ko ka san ni ne? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan. Sau ɗaya na fara faɗa maka, muna cin abinci a gidanka, ka ɗaga hannu ka ce, "Halas, ya isa, ci abincinka, ya huce." Har yau ban san ko abincin kake nufi ba ko maganar, kuma na ji daɗin da ka katse ni. Wannan jin daɗin ne nake kunya.

Yaya Mairo, matar amana, da ku 'ya'yansa Zakiya da Jamilatu, shekara huɗu kuna zuba mini abinci kuna Allah Ya isa ga wanda ya kai ƙarar maigidanku, ni kuma ina cewa amin. Ni ne. Ba zan shigo gidan ba sai kun ce in shigo, in kuma ba ku ce ba, ba ku zalunce ni ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Othman, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa da 'yan'uwansa na nan da na gida haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah Ya sa ya yafe mini kafin ya cika, domin yanzu ba ni da hanyar tambaya.